Ra'ayinmu: Turmin Ƙarshe, a Cire ko a Bari?

Tsakanin shekara 17 zuwa 25 ne haƙoran ƙarshe suke fitowa a can ƙuryar baki, biyu a sama biyu a ƙasa, su cike haƙoran baligi su zama 32. Mutane da yawa ba sa ma sanin ranar da nasu suka fito. Wasu kuma Allah bai yi musu su duka ba, biyu ne ko uku, ko babu ko ɗaya, kuma bai rage su da komai ba. Matsalar tana ga wanda muƙamuƙinsa bai bar wa baƙon wuri ba. Sai turmin ƙasa ya taso a karkace ya tokari na gabansa, ko ya leƙo rabi ya tsaya, naman dasashi ya lulluɓe sauran. A ƙarƙashin wannan naman ne ɓarɓashin tuwo da na goro suke taruwa, inda asuwaki ba ya kaiwa, buroshi ma sai da dabara. Wata safiya sai saurayi ya tashi da kunci a kumbure, baki yana wari, muƙamuƙi ya ƙi buɗewa balle a kai loma.

Abin da ke biyo baya a Anka ko Gummi ko Bukkuyum ba sai an faɗa wa kowa ba. Za a fara da kanumfari da kanwa da ruwan gishiri. In abin ya ƙi, a je wurin mai kemis ya ƙirgo kafso na kwana biyu, gwargwadon kuɗin da ke hannu. Kumburin ya sauka, a ce an warke. Bayan 'yan watanni ya dawo, ya fi na farko zafi. Daga nan ko dai a ɗaure a nufi Gusau ko Sakkwato, ko a jira ranar kasuwa a zauna gaban mai cire haƙori. Kowace hanya da kuɗinta da haɗarinta, mutumin da ya kwana uku bai runtsa ba kuwa ba shi da natsuwar auna su. Gara a auna tun ciwon bai zo ba.

Su kansu likitocin haƙori na duniya bakinsu bai zo ɗaya ba. A Amurka an saba a cire wa matashi turamen nan huɗu a zama ɗaya, tun ba su yi masa komai ba. Hujjarsu ba ta yarwa ba ce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: a shekara 18 ko 20 saiwar haƙorin ba ta gama kafuwa ba, ƙashin muƙamuƙi bai gama tauri ba, rauni yana saurin haɗewa. Wanda ya bari sai ya kai 40, aikin ya fi wuya, jinyar ta fi tsawo. Sun kuma ce turmin da ya jingina da maƙwabcinsa yana iya ruɓar da shi a ɓoye, ranar da za a farga an yi asarar biyu maimakon ɗaya.

Masu ɗaya ra'ayin kuwa cewa suka yi da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Cire turmin da ya kwanta cikin ƙashi tiyata ce sosai. A tsaga dasashi, a gurje ƙashin da ya rufe shi, sau da yawa a raba haƙorin gida biyu ko uku kafin ya fito, sannan a ɗinke. Akwai jijiyar da ke ratsa muƙamuƙin ƙasa tana kai ji ga leɓe da haɓa, da wata mai kai ji da ɗanɗano ga harshe, duk biyun suna gab da wurin aikin. In aka taɓa su, leɓe ko gefen harshe yakan mutu na makonni ko watanni, ga wasu 'yan tsiraru ma har abada. Don me za a jefa lafiyayyen mutum cikin wannan saboda cutar da wataƙila ba za ta zo ba? A kan haka ne a watan Maris na 2000 hukumar NICE, mai tantance ayyukan asibiti a Ingila, ta ce a daina cire turmin da ba shi da cuta. Ta ce ko kumburin dasashi ne, in na farko ne kuma bai yi tsanani ba, bai isa dalilin tiyata ba sai ya maimaita. A 2007 wani likitan haƙori Ba'amurke, Jay Friedman, ya rubuta a mujallar kiwon lafiyar jama'a ta ƙasarsu cewa ana cire turamen ƙarshe kimanin miliyan 10 daga bakin mutum miliyan 5 kowace shekara, kuma a ganinsa aƙalla kashi biyu cikin uku ba su da dalili.

Maganar dai ba ta mutu a nan ba. Wani bincike da aka buga a mujallar likitocin haƙori ta Birtaniya a 2012 ya nuna cewa bayan umarnin na NICE cirewar ta ragu na 'yan shekaru, sannan ta sake hauhawa, sai dai masu zuwa sun ƙara manyanta, daga kimanin shekara 25 a 2000 zuwa 32 a 2010. Wato wani ɓangare na aikin ɗage shi kawai aka yi. Da masu bitar bincike na Cochrane suka tattara abin da aka sani a 2020, sai suka ce hujjar da ke hannu ba ta isa a yanke hukunci ba, a cire ko a bari, game da turmin da ya maƙale amma bai yi ciwo ba.

Mun kawo wannan muhawara ne don mai karatu ya san cewa likitan da ya ce masa "bar shi" bai yi masa sakaci ba, wanda kuma ya ce "a cire" ba lalle kuɗinsa yake hange ba. Amma dukan ɓangarorin biyu sun ɗora maganarsu a kan abin da babu shi a yammacin Zamfara. Baturen Ingila da ya ce a bari, nufinsa a bari ana dubawa: mutum yana hawa kujerar likita lokaci-lokaci, a ɗauki hoto, a ga ruɓa tun tana ɗigo. Ba'amurken da ya ce a cire yana da likitocin tiyatar baki kusa da shi, da inshorar da takan ɗauki wani kaso. Mu kuwa ƙasa ce mai mutum sama da miliyan 200 da likitocin haƙori 'yan dubbai kaɗan, mafi yawansu a manyan birane, wasu ma sun tsallaka ƙetare. A ƙauyukanmu mutum yakan yi furfura ba wanda ya taɓa haska masa fitila a baki. In aka ce masa ya bari, mantawa zai yi, sai ranar da kunci ya tashi.

Ƙwararrun da ke iya fitar da turmin da ya nutse cikin ƙashi a manyan asibitoci suke taruwa, irin Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Tsakaninsu da mutumin Nasarawar Burkullu ko Daki Takwas ko Bagega akwai tafiyar sa'o'i, a kan hanyoyin da direbobi ba sa son rana ta faɗi suna kansu saboda 'yan bindiga. Wannan nisan ne yake sauya lissafi, domin ciwon turmin ƙasa yana kisa, kuma ba a cika faɗin haka ba.

Saiwar turamen ƙasa biyu na ƙarshe tana zurfi har ƙasa da tsokar da ta shimfiɗe a ƙasan baki. In mugunya ta taru a gindinsu ba ta samu mafita ba, sai ta gangara ƙarƙashin harshe da haɓa. Wuya ya kumbura ya yi tauri kamar katako, harshe ya tashi sama ya koma baya ya toshe hanyar numfashi. Wani likitan Jamus, Wilhelm von Ludwig, ya bayyana wannan ciwon tun 1836, har yau kuma da sunansa likitoci suke kiransa. Inda ake ganin likitan haƙori da wuri ya yi ƙaranci ƙwarai. A asibitocin koyarwa na Arewa kuwa, har da na Sakkwato, har gobe ana kwantar da masu shi, kuma masu ciwon suga da mata masu ciki suna cikin waɗanda ya fi yi wa illa. Duk gidan da aka ga kumburin haƙori ya sauko ƙarƙashin haɓa ko ya haura wajen ido, haɗiyar yawu ta gagara, murya ta sauya, jiki ya yi zafi, to lokacin kanumfari ya wuce. A nufi asibiti mafi kusa nan take, su fara abin da za su iya, su tura gaba.

Ba za mu zagi mai cire haƙori na kasuwa ba, haka nan wanzamin da ake kai wa irin wannan lalura. Gurbin da hukuma ta bari suka cike. Suna kusa, kuɗinsu kaɗan ne, suna yin lamuni, wanzamin gidanku kuwa shi ya yi maka aski ranar suna, amanar ta daɗe. Haƙorin gaba da ya riga ya yi girgiɗi, mai hannu yana iya fitar da shi. Turmin ƙarshe ba haka yake ba. Saiwarsa takan lanƙwashe, wani lokaci ta manne da jijiya, ido kuma ba ya ganin haka sai hoto. Wanda ya kama kansa da filaya ya murɗa, sau da yawa kan ne zai karye ya bar saiwar a ciki, ta ci gaba da tara mugunya ƙarƙashin raunin da ya rufe. In aka yi rashin sa'a ƙashin muƙamuƙi ma ya tsage, don kusurwar nan tana cikin inda ya fi rauni. Ga kuma ƙarfen da ya fito daga wancan bakin ya shiga wannan, ɗauraye shi kawai aka yi ko aka goge da tsumma. Ta nan ciwon hanta yake ƙaura, haka ma cuta mai karya garkuwar jiki. Tsutsar da wasu ke nunawa wai daga haƙori suka zaro ta, babu ita a cikin haƙori. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani suke cin zaƙin da ya maƙale, su fitar da tsamin da ke narkar da haƙorin. Ruwan batir da fetur da wasu ke ɗigawa, da ƙwayar asfirin da ake dannawa a dasashi, naman baki suke ƙonawa, ciwon yana nan inda yake.

Mai kemis ma yana da ranarsa. Farasitamol ɗin da ya ba ka ka samu barci, ba laifi. Amma kafso ba ya miƙar da haƙorin da ya karkace, kuma a sha na kwana biyu a ajiye, a sake bayan wata uku, shi ne yake sa ƙwayoyin cutar su saba da maganin, ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi ci. Tramol kuwa, da ya riga ya yi mana ɓarna a cikin matasa, ba abin da za a miƙa wa mai ciwon haƙori a kan kanta ba ne.

Ga inda muka tsaya. Turmin da ya fito a miƙe, yake tauna, asuwaki yake kai masa, bai taɓa kumbura ba, a bar shi. Ba mu da likitocin da za mu ɓata wa lokaci a kan lafiyayyen haƙori, ba mu kuma da dalilin ɗaukar haɗarin tiyata a banza. A nan muna tare da Ingila. Amma turmin da ya kumbura sau biyu, ko sau ɗaya mai tsanani da zazzaɓi da ƙin buɗewar baki, ko ya ruɓe, ko yake cin na gabansa, a cire shi, kada a jira na uku. Ga wanda gidansa ke nesa da babban asibiti kuwa, kumburin farko ma ya isa ya sa a shirya tafiya a ɗauki hoto, ko da ya sauka. Ya kuma faɗa wa likita daga ina ya fito da yadda hanyarsu take, domin shawarar da ta dace da ɗan Tudun Wada a Gusau ba lalle ta dace da ɗan Bagega ba. Hukuncin ƙarshe na likitan da ya ga hoton ne, sai dai muna ganin nisan gida yana cikin abin da ya wajaba ya ɗora a ma'auni. Budurwar da turminta ya taɓa tashi, a duba mata shi kafin biki, tun ciki bai zo ya ƙara wa dasashi kumburi ya kuma rage magungunan da za a iya ba ta ba.

Wanda aka ce za a cire masa, ya ɗauki abin a matsayin tafiyar kwana uku ko huɗu. Babban ganganci ne a cire da hantsi, a hau mota da azahar a koma ƙauye, jini ya ɓalle da tsakar dare inda babu mai tsayar da shi, babu kuma halin fita. A nemi masauki wurin dangi a Gusau ko Sakkwato, a kwana biyu aƙalla kusa da wanda ya yi aikin, a karɓi lambar da za a kira. A lissafa kuɗin mota da kati da hoto da aiki da magani tun daga gida, a tafi da ɗan rakiya. Manomi ya zaɓi lokacin da gona za ta iya jiransa mako guda. Bayan girbi ya fi, lokacin da kuɗi ma yake hannu, muddin dai ciwon ya ba da wannan sararin. In ana tsakiyar kumburi aka je, kada a yi mamaki in likita ya fara wanke wurin, ya ba da magani, ya sa wata rana.

Ba a yi wa likita kara. Hawan jini, ciwon suga, sikila, olsa, asma, ciki ko zaton ciki, jinin da ya taɓa ƙin tsayawa bayan kaciya ko haihuwa, maganin da ya taɓa sa mutum ƙaiƙayi ko kumburi, duk a faɗa. A faɗi kuma abin da ake sha, na asibiti da na gargajiya, har da garin maganin ciwon kai na ƙulli, domin akwai masu asfirin a ciki, shi kuwa yana tsinka jini. Amma wanda likita ya ɗora a kan maganin tsinka jini kada ya daina da kansa. In allurar kashe wuri za a yi, wadda ita aka fi yi, a ci abinci kafin a je, don baki zai yi sa'o'i bai karɓi komai ba. In kuwa za a sa mutum barci ne gaba ɗaya, sai ya bi abin da suka faɗa masa na daina ci da sha. Majinyaci yana da ikon ya tambaya yadda saiwar take da jijiya a hoton. In sun yi kusa ƙwarai, akwai aikin da ake yanke kan haƙorin kawai, a bar saiwar da gangan, a tsabtace a rufe. Wannan daban yake da saiwar da filaya ta karya ta bari cikin datti.

Akwai tsoron da ke mayar da mutane gida daga ƙofar asibiti. Wai cire haƙorin sama yana taɓa ido. Jijiyar gani daban take da ta haƙori, abin da ke iya kaiwa ga ido kuwa mugunyar haƙorin da aka ƙi cirewa ce. Wai kuma ba a taɓa haƙorin mai ciki. Allurar kashe wuri da likitoci ke amfani da ita ana yi wa mai ciki lafiya lau, wata na huɗu zuwa na shida shi ne lokacin da ya fi sauƙi, in kuma mugunya ta taru ba a jiran haihuwa. Game da azumi, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta sa cire haƙori cikin abubuwan da ba sa karya shi, muddin ba a haɗiye abin da ya kai maƙogwaro ba. Duk da haka aikin da ba na gaggawa ba gara a yi shi kafin Ramadan ko bayan Sallah saboda shan magani. Na gaggawa kuwa, mara lafiya yana da rangwamen da Allah ya yi masa.

Bayan an cire, duk jinyar a kan abu ɗaya take: gudan jinin da ya daskare a cikin ramin. Shi ne ya rufe ƙashi, a kansa kuma sabon nama zai tofo. A cije audugar da likita ya sa na kimanin rabin sa'a, ba surutu, ba leƙawa. Daga nan har kwana ɗaya cur, ba kurkura, ba tofar da yawu da ƙarfi, ba zuƙar lemo da tsinke, ba shayi ko kunu mai zafi, ba kai harshe ko yatsa ana taɓawa. Yawu mai ja-ja a ranar farko ba abin tsoro ba ne. In jini ya dawo sosai, a naɗe tsabtataccen ƙyalle, a ɗan jiƙa shi, a ɗora a kan ramin a cije da ƙarfi minti 20 zuwa 30 a zaune. In bai tsaya ba, a koma asibiti.

A nan ne mutanenmu suke yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Mutum ya fito daga asibiti, aka kira azahar, ya ɗauki buta ya kurkure baki sau uku da ƙarfi yadda ya saba, ya furzar, gudan jinin ya bi ruwan. Ƙa'idojin jinyar nan a ƙasashen da ba a alwala aka tsara su, shi ya sa ba kasafai suke ambatonta ba. Alhali duk wanda ya karanta Ahalari ko Ishmawi ya san kurkurar baki sunna ce a mazhabar Malikiyya, ba ta cikin farillan alwala, wanda ya bar ta saboda lalura alwalarsa ta inganta. Ya kamata likita ya faɗi wannan da bakinsa kafin majinyaci ya sauka daga kujera, limami ma ya faɗa. Wanda kuma ya ji sujada tana sa ramin bugawa ko zubar jini a ranar farko, ya tambayi malaminsa yadda mara lafiya yake sallah.

Daga rana ta biyu sai ruwan ɗumi da gishiri, ƙaramin cokali a kofi guda. A riƙe shi a baki, a karkata kai, a bar shi ya zubo da kansa, bayan kowane cin abinci, har mako guda. Sauran haƙora a ci gaba da goge su a hankali. Kumburi yakan kai maƙura a kwana na biyu ko na uku sannan ya fara sauka, kada wannan ya firgita kowa. Mun saba da gasa kumburi da ruwan zafi, amma ranar farko sanyi ake so: ledar fiya wata mai sanyi a naɗe cikin ƙyalle a dafa a kunci, ko tsumma jiƙe da ruwan randa inda babu wuta. A ɗaga kai da matashi in za a kwanta. Noma da faskare da ɗaukar buhu su jira kwana biyu ko uku. Mace ma haka, daka da jan guga ba nata ba ne a kwanakin nan, mutanen gida su ɗauke mata.

Abinci bai kamata ya zama matsala a ƙasar kunu da nono ba. Koko ko kunun da ya huce, kindirmo, furar da aka dama ta yi laushi ba gudaji, ayaba, dafaffen ƙwai, daga baya tuwo mai taushi da miyar kuka ko kuɓewa mara yaji, ana taunawa ta ɗaya gefen. Ƙuli-ƙuli da kilishi da tsire da gyaɗa da aya da rake da gasasshiyar masara su dakata, haka ma dambu da busasshen hoce, don ɓarɓashinsu cikin ramin yake faɗawa. Mai goro ya yi haƙuri mako guda. Mai sigari ko shisha ko tabar baki shi ne ya fi kowa shiga haɗari, domin taba tana hana raunin haɗewa. Wanda gudan jininsa ya fita, a kwana na uku zuwa na biyar sai ya ji ciwon da ya fara sauƙi ya dawo da ƙarfi yana harbawa har kunne, ga ɗoyi a baki. Ƙashi ne ya zama a buɗe. Kafso ba ya maganinsa, likita ne zai wanke ramin ya sa masa magani a ciki, yawanci kuma sauƙi yana zuwa da wuri.

Maganin zafi, farasitamol da ibuprofen sukan wadatar, yadda likita ya tsara. Mai olsa da mai ciwon ƙoda da mai ciki kada su sha ibuprofen ko danginsa sai da izininsa. Ba kowace cirewa ce take buƙatar kafso ba, in kuma an rubuta, a sha yadda aka ce. Leɓe ko harshen da bai farfaɗo ba har washegari, a sanar da likita. Yawancin mutane cikin mako ɗaya zuwa biyu sun koma harkarsu.

Mun san abin da wani zai ce: jihar da ke fama da 'yan bindiga da tamowa da amai da gudawa, ina ita ina haƙori? Maganar tana da nauyi, kuma da za a ce mu zaɓa tsakanin gadon yaro mai tamowa da kujerar haƙori, gadon za mu ɗauka. Sai dai bakin nan shi ne ƙofar ciwon noma, mai cin fuskar yara, wanda yake farawa da gyambon dasashi a jikin yaron da yunwa ta raunana. Saboda shi aka buɗe asibiti na musamman a Sakkwato tun 1999, kuma Najeriya ce ta ja gaba har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a watan Disamba na 2023. Ma'aikacin da ya iya duba turmin saurayi shi ne zai ga gyambon ƙanensa tun bai huda kunci ba. Nisa kuma ba uzuri ba ne. A 2010, da gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ƙungiyar likitocin na-gari-na-kowa, MSF, tare da ma'aikatan jiha, a asibitocin garuruwan nan biyu suka buɗe ɗakunan jinya, suka gudanar da magani mai wuyar sha'ani da ya fi cire haƙori nesa ba kusa ba.

Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya a farkon 2024. Muna kira a sa lafiyar baki cikin lissafin. Kowane babban asibiti a Anka da Gummi da Bukkuyum ya zama yana da kujerar haƙori mai aiki, da na'urar ɗaukar hoto, da tukunyar dafa kayan aiki, da wutar sola da za ta riƙe su, da ma'aikacin da yake kwana a garin. Waɗannan ba kayan biliyoyi ba ne. Hukumar inshorar lafiya ta jiha, ZAMCHEMA, ta fito ta faɗa wa masu biyan kuɗinta, da Hausa, abin da take ɗauka na aikin haƙori da abin da ba ta ɗauka. A koya wa ma'aikatan ƙananan asibitocin karkara gane kumburin da ba ya jira. Masarautun yankin su zauna da Sarakunan Aska, a yi yarjejeniya cewa turmin ƙurya ba na filaya ba ne, wanzami ya zama shi ne mai cewa "wannan na asibiti ne". Aikin da ya fi ƙarfin ma'aikacin gari kuwa, a turo likitan tiyatar baki daga Gusau ko Sakkwato sau ɗaya a wata, a tsayar da rana ɗaya sananniya ga kowane gari, a riƙa sanar da ita a masallacin Juma'a da rediyo da ranar kasuwa.